Abin da Rajistar Aji ke Faɗa: Shaidar Malamin Makaranta a Kaduna

Ni malamin makarantar gwamnati ne a cikin garin Kaduna. Na riƙe alli a firamare, na riƙe a ƙaramar sakandare. Shaidar da zan bayar a kan yaran da sunayensu ke ɓacewa daga rajista ce. Idan ka tambayi uban yaro me ya faru, zai ce maka ai shi ya ƙi karatun. Idan ka tambaye mu malamai, sai mu ce iyayen ne ba su damu ba. Kowa ya wanke hannunsa ke nan. Amma duk wanda ya daɗe yana kiran suna a aji ya san yaro ba ya barin makaranta rana ɗaya. Yakan ɗauki shekara biyu ko uku yana fita, a gaban idonmu, muna rubutawa da hannunmu.

Sau biyu ake kiran suna, da safe da kuma bayan an dawo daga tara. Wanda yake nan a ja masa ɗan layi, wanda ba ya nan a zana masa sifili. Ka buɗe rajistar kowane aji ka bi layin yaro ɗaya daga hagu zuwa dama, za ka ga yadda abin ke tafiya. Da farko makara ce. Sai sifilin rana ya fara bayyana: ya zo da safe, an fita tara bai dawo ba. Daga nan sai sifilin ya kama rana guda a mako ya zauna a kanta. Yaran wajen Kawo da Hayin Banki, Talata ce, ranar kasuwa. Sai a yi hutu, a koma, shi bai dawo ba sai mako na uku. Zango na gaba layin nasa sifili ne daga farko har ƙarshe, shekara na juyowa wanda ya kwafi sunaye a sabuwar rajista ya tsallake shi. Ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya je nemansa.

Talauci ake fara kira idan ana wannan magana, kuma zan zo kansa. Sai dai a gida ɗaya, tukunya ɗaya, za ka ga wani ya jure har ya gama, ƙaninsa ya zame tun aji biyu na ƙaramar sakandare. Sau da yawa bambancin da ke tsakaninsu shi ne ɗaya ya iya karatu, ɗayan bai iya ba. Karatu nake nufi na haɗa baƙi da wasali a fitar da kalma.

Ga yadda ake rasa shi. Darasi minti 40 ne. A unguwanni masu cunkoso irin Rigasa, aji mai yara 100 ba abin mamaki ba ne. Ko da malami bai yi komai ba sai bin yara ɗaya bayan ɗaya, kowane yaro bai samu rabin minti ba. To dole ya tsaya gaban allo ya faɗa su maimaita. Na gaba suna gani, na baya suna bin amo. Yaro sai ya haddace allon kamar waƙa, bakinsa yana tafiya daidai da na kowa, amma ka nuna masa harafi ɗaya a tsakiya ka ce mene ne wannan, sai ya yi shiru. Shekara ta ƙare a tura kowa gaba, domin ajin da zai maimaita ya riga ya cika da sababbi. Ya kai aji 4 an koma littattafan Turanci gaba ɗaya, alhali ko Hausar da yake mafarki da ita bai iya karantawa ba.

Irin wannan yaro yana da alama, kuma ta kan ruɗi malami. Littafinsa ya fi na kowa tsabta. Yana kwafar allo harafi-harafi, ya ɗaga kai, ya sunkuya, ya ɗaga kai, kamar mai zanen hula. Wanda ya iya karatu yakan ɗauki kalma uku ko huɗu a kallo ɗaya. Shi kuwa kowane harafi sai ya sake duba allo. Kullum shi ne na ƙarshen gamawa. Yana zama ta bango, a bayan mai tsawo. Idan aka fara zagayen karatu a bayyane, sai fitsari ya kama shi daidai lokacin da layi ya kusa zuwa kansa. Ranar da aka ritsa shi, ya miƙe ya riƙe littafi yana motsa leɓe, aji ya fashe da dariya, malami ya ce zauna, daƙiƙi. Ɗan shekara 8 zai shanye wannan ya dawo gobe. Ɗan shekara 14, wanda murya ta fara buɗewa, ga 'yan mata a aji, ba zai shanye ba.

Gano shi bai fi minti 5 ba. Ka keɓe shi inda ba idon 'yan aji, ka ba shi takarda mai hawa huɗu da Hausa: haruffa a warwatse, sai kalmomi masu gaɓa biyu irin su gida, rago, tulu, sai gajerun jimloli, sai ɗan labari mai layi biyar ko shida. Inda ya tsaya, nan ne ajinsa na gaskiya. Iyaye ma za su iya yin wannan a tsakar gida, kuma ina roƙon su yi, domin katin sakamako yana iya nuna ya zo na 20 cikin 90 alhali satar amsa ce ta kawo shi nan. Gyaran kuma ba ya son kuɗi mai yawa: a haɗa masu mataki ɗaya wuri ɗaya ba tare da duba aji ko shekaru ba, kada su wuce 20 ko 25, awa ɗaya kullum, a fara da sautin haruffa da gaɓoɓin Hausa. Hausa yadda ake furta ta haka ake rubuta ta, shi ya sa yaro mai shekaru yakan kama cikin zango ɗaya idan bai yi fashi ba. Inda ake kuskure shi ne a fara da Turanci, ko a sa wa rukunin suna har a riƙa ce musu ajin daƙiƙai. Da zarar sunan ya fita, manyan cikinsu sun daina zuwa.

Jihar nan ta ga yunƙuri iri-iri. A farkon 2016 aka fara ciyar da 'yan firamare, yara suka yi ta kwararowa, amma ɗakunan karatu da malamai ba su ƙaru da saurin da yaran suka ƙaru ba. A 2017 aka yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, aka ce 21,780 ba su kai makin da ake so ba, aka sallame su, aka ɗauki sababbi. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan har yau. Abin da ya shafi maganata shi ne, shigo da yaro makaranta aiki ɗaya ne, sa shi ya iya karatu kafin ya bar aji 3 wani aiki ne daban, kuma na biyun ne ke riƙe shi.

Yanzu kuɗi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara 9 na farko, firamare 6 da ƙaramar sakandare 3, kyauta ne kuma dole ne, har da hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa. Kyautar ta tsaya a kuɗin makaranta. Yunifom, hijabi, takalmi, jaka, biro, littafin rubutu na kowane darasi, kuma a ƙaramar sakandare darussan sun kai goma ko fiye, duk daga aljihun uba suke fitowa. Ga kuɗin tara. Ga abin da ya fi su duka cin rai, kuɗin mota.

Makarantun firamare sun fi na sakandare yawa nesa ba kusa ba. Firamare tana bayan layi, yaro ya taka da ƙafa. Da ya ci jarrabawar shiga sakandare sai a tura shi inda sai ya hau Keke Napep ko bas. A ce naira 200 zuwa, 200 dawowa. A kwana 20 na wata naira 8,000 ke nan a kan yaro ɗaya. Mai yara huɗu a sakandare, 32,000, kusan rabin mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, ga wanda ma yake da albashin. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 wannan lissafi ya ƙara tsananta. Mai hannu baka hannu ƙwarya abin da yake yi shi ne rabon kwana: yau wannan ya je, gobe wancan. Ko ya ce su taka. Yaro ya taka tafiyar awa guda ba karin kumallo, ya iso an rufe ƙofa, a tare shi da bulala ko tsallen kwaɗo ko sharar fili har darasi na farko ya wuce. An bar jaki ana dukan taiki. Bayan ya sha haka sau biyar, in ya ga rana ta ɗaga sai ya lissafa: in na ƙarasa duka, in na koma gida faɗa. Sai ya samu gindin bishiya ko shagon cajin waya ya zauna har a tashi, ya bi ayarin 'yan makaranta ya koma gida da yunifom ɗinsa. Iyaye suna ganin yana zuwa, mu muna zana sifili. Wata biyu ana haka ba wanda ya sani, don ba mai tambayar wani. A wannan zaman ne yake haɗuwa da waɗanda suka riga shi fita, a nan ake fara miƙa masa sigari, daga baya ƙwaya, wasu har su faɗa cikin 'yan sara-suka.

Namiji kuma akwai abin da ke jansa daga waje. Abokinsa da ya bar aji bara yana Panteka yana koyon walda, ko yana gareji, ko ya zama yaron mota, ko yana zaune a rumfar POS. Da yamma yana da kuɗin sallama a aljihu, ya sayi waya, yana sayen indomi da ƙwai a teburin mai shayi. Shi kuwa ɗan makaranta sai ya roƙi kuɗin biro. Idan ka je wa uban da maganar gobe, amsar da za ka ji kusan iri ɗaya ce ko'ina: "Malam, ga yayansa can ya gama digiri, ya yi bautar ƙasa, har yau a hannuna yake karɓar kuɗin kati." Ba a raina wannan magana. Dattawan Kakuri da Makera sun ga zamanin da takardar sakandare ke sama wa mutum aiki a masaƙa, sun kuma ga masaƙun sun rufe ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ga haka da idonsa, wa'azin amfanin ilimi ba zai motsa shi ba. Abin da ke motsa shi shi ne a nuna masa a cikin sana'ar: mai walda da ya iya awo da lissafin ƙarfe shi ke rubuta wa mai gini farashi ya karɓi kwangila, wanda bai iya ba yana nan yaron shago har furfura. Makanikin da zai karanta abin da na'urar gwajin mota ta nuna ya wuce wanda ke jira a karanta masa. Sannan a nemi sulhu da maigidan sana'ar: makaranta da safe, shago daga azahar, da Asabar da Lahadi da hutu. Wannan sulhu yana lalacewa ne idan ba a zauna da ogan ba. Ranar da aiki ya yi yawa zai ce yau ka bari sai gobe, kuma maganar oga mai ba da kuɗi ta fi ta malami nauyi.

Ta 'ya mace ta fi wuyar gani, don ita ba ta yawo, ba ta faɗa da kowa. Talla ce ke fara cin ta. Awara, dafaffen ƙwai, gyaɗa, kunun aya, ɗanwake. Uwa tana cikin gida ba ta fita, yarinyar ce ƙafarta. Daga farantin nan ake cefane, daga shi ake zubin adashi, daga adashin ake tara kayan ɗaki. In tallar safe ce, ta makara. In ta yamma ce, ta dawo bayan isha'i a gajiye, ga Islamiyya a tsakani, aikin gida na makaranta ko buɗe shi ba ta yi ba. Sai kuma ta fara al'ada. Makaranta ba ruwa, banɗakin ba ƙofa ko an haɗa da maza, audugar mata kuma kuɗi ce. Sai ta zauna gida kwana 3 ko 4 kowane wata. Zango wajen mako 13 ne. Ta rasa kwana 9 zuwa 12 ke nan a kan wannan kaɗai, kuma ba za ta taɓa faɗa wa malami namiji dalili ba, gara ya doke ta. Lissafi darasi ne mai hawa-hawa, wanda ya rasa tsani biyu ba ya kama na uku. Ta dawo ta tarar an wuce ta, sakamako ya yi ƙasa, a gida a ce ai ga shi nan, ba ta ja. Daidai lokacin kuma masu sallama sun fara tsayuwa a ƙofar gida.

Akwai abin da ke sosa mini rai fiye da komai a wannan aiki. Yarinyar da ta bar aji takan dawo ƙofar makarantar da farantinta lokacin tara, don nan ne ta san akwai ciniki. Tana tsugune tana zuba wa 'yan ajinsu yaji a leda, tana ba su canji ba kuskure ko na naira biyar, ita da aka rubuta wa ta faɗi lissafi. Idan ta hango malaminsu sai ta ja hijabi ta rufe rabin fuska ta juya baya.

Iyaye da yawa da ke aurar da yarinya bayan aji 3 na ƙaramar sakandare ba ƙin boko suke ba. Tsoron hanya suke, da tsoron abin da mutane za su ce. Wanda ya shiga gidansu da zargi ya rufe ƙofar da kansa. Abin da ke aiki shi ne a shigar da maganar karatu cikin maganar auren tun kafin a sa rana: waliyyi ya faɗa a gaban wakilan ango cewa za ta ƙarasa, a ambaci makarantar, a ambaci wanda zai biya kuɗin jarrabawa. Alkawarin da saurayi ya yi a zance, ba shaidu, ba ya wuce wata uku bayan tarewa.

A ƙauyuka lissafin ya bi damina. Shuka da noman farko suna faɗowa a Yuni da Yuli, daidai jarrabawar zango na uku, wadda da ita ake hawa aji. Girbin masara a wajen Saminaka da Soba da Giwa yana kamawa a Oktoba da Nuwamba, tsakiyar zangon farko. Sai kuma tsaro. Bayan rufewar korona daga Maris na 2020, wadda ta ci watanni, sai 2021 ta zo da sace ɗalibai a kwalejin gandun daji ta Afaka, da jami'ar Greenfield, da makarantar Bethel Baptist a ƙaramar hukumar Chikun. A ranar 7 ga Maris 2024 aka kwashi yara fiye da 100 a Kuriga. Kowane irin wannan ya faru, ba makarantar da abin ya shafa kaɗai ke yin asara ba. Uwa a wani gari mai nisa ta ji a rediyo, gobe ta hana nata fita. Iyalan da suka baro ƙauyukan Birnin Gwari da Chikun da Igabi suka sauka a gefen gari sun zo ba takardar canjin makaranta, ba katin sakamako. Ɗan shekara 15 a ce ya koma aji 4 na firamare ya zauna da ƙannensa. Ba ya zama.

Wanda ya tsallake duk wannan, akwai ƙofa ta ƙarshe a aji 3 na babbar sakandare: kuɗin WAEC da NECO. Ana rufe rajista watanni kafin jarrabawar, kuma kuɗin dunƙule ake so. Yaro ya yi shekara 12 yana zuwa, ya fita ba takarda. Ko ya zauna ya samu kiredit a komai ban da Turanci ko Lissafi, alhali sai da kiredit biyar ake shiga jami'a, har da Turanci, da kuma Lissafi a yawancin fannoni. Uban da ya fara ajiye wani abu kowane wata tun yaro yana aji 1 na babbar sakandare ba ya shiga wannan hali. Akwai kuma kuskuren da ke ɓata wa yara shekara guda a banza: suna ko ranar haihuwa a lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ya saɓa da na makaranta, kuma tun 2021 ba a rajistar JAMB, jarrabawar shiga jami'a, sai da ita. A duba wannan tun da wuri, gyaransa yana cin lokaci.

Idan za a ceto yaro, a makonni biyun farko na fashi ake yi. Kwana 3 a jere ba labari, a tambayi wanda suke layi ɗaya. Ya kai mako, a taka gidan. Takarda ba ta aiki: yaron ne zai kai, ba zai kai ba, in ya kai ma wataƙila ba mai karantawa. Malami namiji ya yi sallama da maigida a waje bayan la'asar ko magariba. Maganar yarinya kuwa malama ce za ta shiga wurin uwar. A gaisa sosai, a tambayi gida da sana'a. Kada a fara da "me ya sa ba ya zuwa". A ce, "Baba, kwana biyu ba mu ga mutumina ba, na ce ko lafiya." Amsar farko kullum ita ce ba ya jin daɗi. A yi addu'a, a ɗan ƙara zama. Ta gaskiyar tana zuwa daga baya, murya ƙasa-ƙasa: takalmi ne ya tsinke, ko wandon ya yage ta baya, ko wani malami ya zage shi da iyayensa. Uwa kuma za ta ce, "Malama, in ba ta fita da farantin nan ba, me za mu ɗora?" A nan ba a cewa a daina talla. Ana neman a mayar da ita bayan an tashi, ko a raba kwanakin da wata a gidan. In abin ya fi ƙarfin malami, akwai kwamitin gudanar da makaranta na unguwa, akwai mai unguwa, akwai limami; yunifom ɗaya da takalmi ba su gagari masallaci guda ba.

Ranar da ya dawo ita ce mai haɗari. Idan aka tare shi a taron safe aka ce ga ɗan gudun hijira ya dawo, ko aka fara da bulalar kwanakin da ya yi fashi, gobe ba za a gan shi ba, kuma karo na biyu ko an je gidan ba ya fitowa. A gaya wa mai tsaron ƙofa da malamin horo tun jiya cewa wane zai zo, a bar shi ya wuce. A sa shi kusa da wanda zai ara masa littafi ya kwafi abin da ya wuce shi, a ɗaga masa ƙafa mako biyu kafin a tambaye shi komai a gaban aji. A cikin makon nan ne kuma za a keɓe shi a ba shi takardar nan mai hawa huɗu, a ga inda ya tsaya.